Ranar da Maje Ya Ɗaga Ƙafar Jaki

Duk Bahaushen da ya zauna a Landan a shekarun tamanin da na casa'in, in dai yana leƙa taron ƙungiyar Hausawa a unguwar Barking, ya san Mista M. A. Maje. Ba Malam ba, ba Alhaji ba, Mista. In ka kuskura ka ce masa Malam Mamman, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Maje ya isa." Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da baƙar kwat da nakatai da lema, ko ana ruwa ko ba a yi. Aikinsa bai wuce jera fayil da buga hatimi ba a wani ofishin sayen kaya da ke kusa da Charing Cross. Amma in ka ga yadda yake fitowa daga tashar jirgi da jarida a hammata, sai ka rantse da shi ake shawarar mulkin Ingila.

A wajen taro, in an sauke tuwon semolina da miyar kuka kowa ya wanke hannu, shi sai ya zaro cokali mai yatsu daga aljihu, a nannaɗe cikin hankici. Da cokali mai yatsu yake cin miyar kuka, jama'a, tana tsiyayewa yana bin ta. Ba wannan ne ya sa aka gaji da shi ba, don kowa da irin tasa wautar. Abin da ya ishi mutane shi ne kalma ɗaya da ba ta barin bakinsa: asali. Wane likita ne, amma ai ɗan mahauta ne. Wance ta yi digiri biyu, amma jikar maƙera ce. Ya taɓa sauya kujera don an zaunar da shi kusa da wani injiniya da ubansa wanzami ne. Shi kuwa, in ji shi, mahaifinsa ma'ajin hakimi ne, a cikin soraye ya tashi, dawaki uku a turke.

Ga yadda abin yake. Harafin nan na tsakiya, A, da yake cewa Abdulƙadir ne, Almu ne. Malam Almu mai jakai, na Tsamiyar Kara, wani ɗan ƙauye a bayan Dawakin Kudu. Sana'arsa ita ce ya ɗora wa jakai itace da asuba ya shiga birnin Kano, ya sayar, ya cika mangaloli da taki ya komo ya zuba wa manoma a gona. A bayan jakan nan Mamman ya yi wayo, ƙafa ba takalmi, da tsumagiya a hannu. Ya iya ɗaura wa jaki akumari tun bai iya ɗaura wandonsa ba. Da aka zo ɗibar yaran boko, masu unguwa suka ɓoye nasu 'ya'yan suka miƙa na talakawa, ta haka ɗan mai jakai ya shiga aji. Da ya ci jarrabawar gaba da firamare, Almu ya kai aurakinsa kasuwa, jakin da ya fi so duk cikin garken, ya sayar ya saya wa yaron akwatin ƙarfe da bargo da takalmi.

Yaron ya yi karatu, ya zama akawu a Kaduna, ya auri Ramatu, aka turo shi kwas Landan a 1971, ya maƙale. Tun yana zuwa ƙauye da hutu, ya koma aika wasiƙa, wasiƙar ma ta ɗauke. A 1982, a ɗakin taron Barking, wani baƙo ya tambaye shi ko mahaifinsa na da rai. Maje ya sunkuyar da kai ya ce ya rasu. Limamin ƙungiya, Malam Masawudu, mutumin zangon Kumasi, ya ce a yi wa mamaci Fatiha. Mutum arba'in suka ɗaga hannu. Maje ya ɗaga nasa, ya shafa, har da "amin, na gode". A daidai lokacin Almu yana can da ransa yana korar jakai a hanyar Ƙofar Nassarawa. Ramatu ta san gaskiya, tana zaune a ɓangaren mata ta ji komai. Ta haɗiye maganar, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma daga ranar ba ta ƙara dariyar barkwancin mijinta ba.

Ƙaryar ta yi shekara goma sha huɗu tana cin karenta ba babbaka, sai 'yarsu Zinatu ta yi saurayi. Ita kaɗai Allah ya ba su, a Woolwich, unguwar da suke zaune, aka haife ta, ta karanta harhaɗa magunguna. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana da Turanci take amsawa. Wanda ta kawo shi ne Lawal, ɗalibin likita, ɗan Alhaji Badaru, attajirin Kano mai fata da ƙirgi wanda ke da gida a arewacin Landan, yana zuwa duk bazara. Yaran suna son juna, ba wanda ya tilasta wa wani. Maje kuwa har rama ya yi don murna. Surukin Alhaji Badaru. Ya riga ya fara gwada yadda zai riƙa faɗin haka a taro.

Sai dai ba a neman aure a hannun uban yarinya. Dangin uba ake kai wa goro, kakanta ko baffanninta, su ne masu bayarwa. Da Alhaji Badaru ya tambayi inda za a kai, Maje ya yi ajiyar zuciya ya ce gidansu ya watse, manya duk sun kwanta dama, sai dai a wakilta Malam Masawudu a nan Landan.

"Ba gaggawa," in ji Alhaji Badaru. "Bari in je gida in dawo tukuna."

Ya tafi wata uku. Ya dawo a watan Yuli na 1996, ya kawo wa Ramatu kilishi da turaren wuta, ya yi hira kan tsadar taki da rashin wuta, bai ce uffan kan aure ba. Maje ya san Bakano ba ya aurar da ɗansa bai yi bincike ba, kuma shirun nan ya hana shi cin abinci. Abu biyu ne a kan faranti ɗaya, auren 'yarsa da ƙaryarsa, in ɗaya ya zame ɗayan ma ya tafi. Mai hankali da sai ya sami Alhaji a keɓe ya faɗa masa gaskiya. Maje sai ya yanke shawarar ya ƙara gishiri. Zai kai su yawon buɗe ido, su ga irin wuraren da 'yan asali ke zuwa, su ga yadda ya san tarihin sarakuna, don Alhaji ya tabbata jinin sarauta ne ke motsi a jikinsa.

Ya tsinci wata takardar talla a tashar Waterloo mai hoton wata tsohuwar fadar dutse a tsibirin Wight, can kudu, a gefen wani gari mai kasuwa da ake kira Newport. Ya haddace shafin farko da na biyu a cikin jirgin Woolwich, shekara da shekara, sarki da sarki. Shafin baya bai karanta ba, ya ɗauka lokutan bas ne kawai.

Su biyar suka tafi ranar kasuwar garin: Maje da Ramatu da Zinatu, Alhaji Badaru da Lawal. Jirgin ƙasa zuwa Portsmouth, jirgin ruwa, sannan bas. Alhaji ya sha babbar riga shuɗiya, Turawa sai waiwayensa suke. Maje ya yi ta tafiya taku biyu gaba da su, yadda mai kallo zai ɗauka shi ɗan rakiya ne hukuma ta haɗa su da shi.

Kasuwar suka fara shiga. Rumfuna ne da ba su fi talatin ba, kabeji da dankali da tumatir, tsofaffin kofuna, safa, da wani mai sayar da zuma. Kowane kaya da ɗan kwali a kansa an rubuta kuɗinsa. Alhaji Badaru ya tsaya ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina kasuwar?"

"Ita ce wannan, Alhaji," in ji Maje. "Ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci."

"Ɗaruruwan shekaru, ba ta girma ba? Ai layin 'yan citta na kasuwar Kurmi ya haɗiye wannan bai sha ruwa ba. Kasuwa shiru kamar gidan makoki, ba mai cewa albarka."

Ramatu ta ɗauki tumatir ta taya rabin kuɗin. Mai rumfar ya nuna mata kwalin da yatsa. Ta ƙara kaɗan, ya sake nuna mata kwalin. Maje ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya matso ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Ramatu, don Allah kar ki ba mu kunya, nan ba ƙauye ba ne." Ta ajiye tumatirin ta dube shi, kallon da ya fi ashar, ta ce, "Ai kai ka san ƙauye." Ya yi kamar bai ji ba.

Fadar tana kan tudu, tafiyar 'yan mintuna daga garin. Katangar dutse ce mai kauri, da ƙofa mai hasumiya biyu, ciki kuma fili da ciyawa da ɗakunan da rabinsu ba rufi. Maje ya cire hula a bakin ƙofa, shi da ba ya cire takalmi sai an tuna masa. Ya fara zuba karatu: shekarar da aka kafa tushe, shekarar da aka ƙara katanga, yadda maƙiya suka zo ta teku suka koma ba su ci ta ba. Alhaji yana hawa matakala yana haki yana tattare riga.

"Yanzu kangon nan aka biya kuɗi a gani? Mu da badala ta zagaye gari guda, awaki ke hawa kyauta."

"Ai bambancin ke nan, Alhaji. Turawa sun san asali. Ba sa yar da abin kakanninsu."

"Haka ne," in ji Alhaji. "Yar da na gaba ba kyau."

Maje ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ƙaimi. Ya kai su wata taga mai sandunan ƙarfe, ya ce a nan aka taɓa tsare wani sarkinsu, ya yi niyyar gudu, ya zura kansa tsakanin sandunan ya ga ya wuce, da ya zo fita sai kafaɗu suka maƙale. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce sarkin da bai san faɗin kafaɗarsa ba ai gara da aka tsare shi. Lawal da Zinatu suna baya suna ɗaukar hoto, ba ruwansu da sarki.

Sai suka ga mutane na tururuwa zuwa wani ɗan ɗakin dutse a tsakiyar fili. Zinatu ta karanta allon ta ce ɗakin rijiya ne, yanzu za a nuna yadda ake jan ruwa. Tun kafin su kai ƙofa warin ya bugi hancin Maje, warin kashin jaki da busasshiyar ciyawa. Shekara ashirin da biyar bai shaƙe shi ba, amma nan take ya gane shi. Ya ce ai ba wani abin gani, su wuce hasumiya. Alhaji ya ce ƙafarsa ta gaji da hawa, gara rijiyar. Ashe abin da ke shafin bayan takardar tallan nan ke nan, wanda bai karanta ba.

A ciki akwai rijiya mai zurfin gaske da aka rufe bakinta da ragar ƙarfe, a gefenta kuma wata ƙatuwar ƙafar katako mai kama da ta amalanke, tsayinta ya fi mutum biyu. Jaki ke shiga cikinta ya yi ta tafiya a wuri ɗaya, ita tana juyawa, igiya na naɗewa, guga na hawowa. An ja igiya tsakanin 'yan kallo da wurin aikin. Wata Baturiya mai kula da jakan ta shigo da ɗaya a hannu, ta gabatar da shi da sunansa kamar wani babban baƙo, yara suka tafa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji Badaru. "Mun keto teku mu ga jaki."

Maje ya yi dariyar yaƙe ya kau da kai. Amma ido ba ya jin magana. Jakin auraki ne, ja-ja mai farin ciki, sak wanda aka sayar aka sayi akwatin ƙarfe. Ya shiga cikin katakon ya yi taku huɗu ya tsaya. Baturiyar ta lallashe shi, ta nuna masa karas, ya ƙara taku biyu ya sake cijewa. Ta juyo ta yi wa jama'a murmushi ta ce yau ransa ne ba ya so, ai kun san jakai da taurin kai. Aka yi dariya. Lawal ma ya ce, "Jaki dai jaki ne ko a ina."

"Ba taurin kai ba ne," in ji Maje, da Hausa, bai san ya faɗa ba. "Dubi ƙafar gaba ta dama. Ba ya sauke dunduniya."

Ba wanda ya ga abin da ya gani. Jakin ya ɗan karkata kunne, ya ɗage ƙafar kaɗan ya mayar. Baturiyar ta sake jan ragamar a hankali, jakin ya taka, fatar kafaɗarsa ta yi rawa. Sabo turken wawa. Mista M. A. Maje ya miƙa wa Ramatu lemarsa, ya tsallake igiya da kwat da nakatai. Baturiyar ta ce masa ba a shiga, bai ko ji ta ba. Ya kaɗa harshe sau biyu, irin kiran da 'yan jakai ke yi, wanda ba a koyarwa a kowace makaranta. Jakin Ingila da bai taɓa jin Bahaushe ba ya miƙe kunnuwa ya juyo. Maje ya sosa masa ƙarƙashin haɓa, ya jawo shi waje, ya jingina kafaɗarsa da tasa, ya shafo ƙafar daga sama zuwa ƙasa, jakin ya ba shi ita. Ya matse kofaton tsakanin gwiwoyinsa, ya zaro makullin gidansa na Woolwich, ya kankare laka, ya zaƙulo wata 'yar tsakuwa mai kaifi da ba ta kai ƙwayar masara ba. Ya tofa yawu a wurin, ya goge da babban yatsa, ya sauke ƙafar, ya daki ɗuwawun jakin da tafin hannu. Duk abin bai ɗauki minti biyu ba.

Jakin ya koma cikin katakon da kansa ya kama tafiya. Guga ya hawo. Turawa suka ɓarke da tafi, Baturiyar ta kama hannun Maje tana godiya tana tambaya ko likitan dabbobi ne. Zinatu ta tsaya baki buɗe. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ubanta ya yi wani abu da hannunsa ya yi kyau haka ba, ko ƙwan fitila Ramatu ce ke sauyawa. Ta ce, "Daddy, that was brilliant," idonta na ƙyalli. Maje ya dubi gwiwoyin wandonsa, duk gashin jaki da laka, sai a lokacin ya farka ya ga inda yake. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Suka fito fili suka zauna a kan wani benci. Alhaji Badaru ya ɓare goro ya ba Ramatu rabi. Ya tauna nasa a hankali, sannan ya ce, "Maje, wannan hannun ba na ofis ba ne. A ina ka koya?"

A nan Allah ya buɗe masa ƙofa, faffaɗa, wadda ko mai kafaɗun sarkin nan zai wuce. 'Yarsa tana kallonsa da alfahari. Matarsa ta zuba masa ido, tana roƙonsa ba da baki ba. Kalma biyu kawai ake nema, wajen ubana. Maje ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara nakatai, ya yi 'yar dariya.

"Wani baran gidanmu ne, Alhaji. Shi ke kula da jakan da ke kwashe shara daga barga. Ina yaro nakan tsaya in kalle shi. Ka san yara da son ƙazanta."

Ramatu ta rufe fuska da mayafi. Alhaji ya gama tauna goronsa.

"Sunansa Almu?"

Maje ya kau da kai yana duban katanga.

"Baran naku yana gaishe ka," in ji Alhaji. "Yana nan Tsamiyar Kara da ransa. Ido ya tafi, amma kunne garau. Ni da ƙannena biyu muka je, muka tsuguna a gabansa, can muka kai goron Zinatu tun watan jiya. Ya karɓa, ya sa rana bayan kaka. Har yanzu akwai jaki ɗaya a turke, ba ya aiki, ya ce don ya riƙa jin kukansa ne."

Iska na kaɗa ciyawa a kan katanga. Daga ɗakin rijiya ana jin wani sabon rukunin yara suna tafi.

"Na tambaye shi rabonsa da kai. Ka san me ya ce? Ya ce kar in ga laifinka, Mamman nasa ba ƙin zuwa yake ba, aikin Bature ne ba ya ba da hutu. Yana da hotonka da kwat, ya sa aka ɗauko mini, yana shafawa yana nuna mini inda kake, hoton a kife."

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ni kakana da jakai ya je fataucin goro Gwanja ya dawo, sau bakwai. Duk abin da ka gani a hannuna, a bayan jaki ya fara. Tun da na dawo nake jira ka zo ka faɗa mini da bakinka. Ɗazu da na ga ka tsallake igiyar nan, na ce alhamdulillahi, ashe da sauran ɗan Almu a cikin kwat ɗin. Da ka ce ubana ne, wallahi da na tashi na ba ka hannu biyu. Auren yara yana nan, ba su yi mana komai ba, kuma yarinya tana da asali mai kyau, na gan shi da idona. Kai ne ban san daga inda ka fito ba."

Zinatu ta bi maganar duka, ba abin da ya wuce ta. Ta matso gaban ubanta. Ba ta yi Turanci ba. Ta nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, da harshenta mai nauyi.

"Baba, ina da kaka?"

Maje ya dubi lemarsa a hannun Ramatu. Ramatu ce ta amsa, ta ce, "Kina da shi." A jirgin ruwa na komowa Zinatu ta zauna kusa da uwarta tana yi mata tambayoyi har Portsmouth. Maje ya tsaya a waje shi kaɗai yana goge gwiwar wando da hankicin cokali, gashin jaki kuwa ba ya fita da gogewa.

An ɗaura auren a Tsamiyar Kara bayan kaka, a ƙofar gidan Almu, motocin Alhaji Badaru jere a ƙarƙashin tsamiya. Ramatu ta je, Zinatu ta je ta kwana bakwai. Tsohon ya shafa fuskarta ya ce hancin uwarsa ne. Maje bai je ba. Ya ce ofis ba su ba shi hutu ba, wato ya ari uzurin da tsohon ya ƙirƙira masa don ya rufa masa asiri, ya yi amfani da shi. A Barking labari ya riga ya zaga, ba daga bakin Alhaji ba, daga waɗanda suka je ɗaurin aure. Ba wanda ya tare shi da maganar. Ya ci gaba da zuwa taro da cokalinsa, sai dai kalmar asali ta fita daga bakinsa, injiniyan nan ɗan wanzami kuma ya riƙa ajiye masa kujera kusa da shi da gangan.

Da damina ta zagayo Almu ya rasu. Zinatu aka bugo wa waya, ita ta faɗa wa ubanta. Ranar Lahadi Maje ya je ɗakin taro da farar riga, karon farko da aka gan shi ba kwat, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya matsa kusa da liman ya ce a hankali, "Malam, mahaifina ya rasu." Malam Masawudu ya dube shi ya ce, "Mun ji. Wannan karo gaskiya ne, za mu yi." Aka yi wa Malam Almu mai jakai addu'a doguwa, mutum sun fi ɗari, har da waɗanda suka yi ta farko a 1982.

Da aka shafa, jama'a suka tashi yin ta'aziyya. Maje ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗa hannuwa, yana jira. Suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, suna nufar inda Zinatu ke zaune tana kuka, suna ce mata ya haƙuri, Allah ya jiƙan kakanki. Har ɗakin ya watse ba wanda ya ce masa komai, tasa ta'aziyyar ya riga ya karɓe tun shekara goma sha biyar da suka wuce.